An karɓi gyarana, an bar sunana a waje

Mako uku na kwashe ina bibiyar matsala a wata manhaja ta kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna rikiɗewa su koma alamar tambaya. Da dare nake zama, wani lokaci an ɗauke wuta, sai ragowar cajin kwamfuta. Na gano bakin zaren, na tura gyaran da buƙatar a shigar da shi.

Jiya na duba, an rufe buƙatata, an kwafe gyaran layi-layi an shigar da shi da sunan mai kula da aikin. Ko sannu babu.

Wallahi abin ya yi mini ciwo. Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, ita kanta ta ware gurbin wanda ya rubuta daban da na wanda ya shigar. Tun 2018 GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ayyuka, ke gane layin Co-authored-by mai nuna sunan wanda aka yi aiki tare da shi, rubuta shi ba ya cin minti ɗaya. Ba kuɗi nake nema ba. Irinmu wannan tarihin ne shaidarmu idan neman aiki ya taso.

Na rubuta masa cikin ladabi, na nemi a mayar da sunana. Ina jiran amsarsa.