Inda anka kwana kan injin da na haɗa: fanka na juyawa, monita baƙi ƙirin

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa kwamfuta da hannunsu. To alhamdulillahi injin nan dai ya tashi, da shi ma nike rubuta wanga bayani, amma ya ba ni ruwa kafin a kai nan, shi yasa na ce bari in zayyano yadda abin ya tafi tun ban mance ba.

Ga kayan don kowa ya san a kan mi ake magana: furosesa Ryzen 5 5600 sabo, modabod (babban allon da komai ke zama a kai) B450 na hannu, ram DDR4 guda biyu 8GB kowanne mai gudun 3200, katin girafik GTX 1660 Super shi ma tokumbo, fawa (akwatin da ke ba kayan wuta) mai 550W sabuwa dal, sai SSD irin ɗan siririn nan na M.2. Wasu nan cikin Sakkwato na samo su, wasu daga Ikeja anka aiko ta mota na je tasha na amsa. Na ɗaure komai cikin kes, na danna maɓalli, fankoki duk sun ɗauka, fitilu sun kama gwanin sha'awa, monita kuwa ko ƙyaftawa bai yi ba.

Wani abu da nike son mu daina yi shi ne cewa "ta ƙi tashi" kawai mu yi shiru. Cuta biyu ce daban kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wadda ko motsi ba ta yi, ba fanka ba fitila, akwai kuma wadda wuta na shiga komai na juyawa amma babu hoto. In ka tambayi mutum taimako ba ka bambance mishi ba sai ya aika ka kasuwa sayen abin da lafiyarshi lau.

Ta farkon ba ita ta same ni ba, don haka a gurguje: duba makunnin da ke bayan fawa ko shina kan I, duba babbar wayar nan mai fin 24 ko ta shige har ƙugiyarta ta kama, sannan 'yan ƙananan wayoyin gaban kes, wadda anka rubuta PWR_SW ko POWER SW a jikinta. In kana shakkar maɓallin kes ɗin, zare wayar ka taɓa fil biyun nan da bakin sukundireba na ɗan daƙiƙa, aikin maɓallin kenan ba wani abu ba. Ita kanta fawar ana gwada ta ita kaɗai, ka zare ta daga komai ka haɗa koriyar waya da baƙa na babbar wayar fin 24 da ɗan ƙarfen maƙale takarda, in fankarta ta juya aƙalla tana da rai, in kana da mita rawayar waya 12V za ta ba ka, ja 5V, ruwan lemo 3.3V. Sai dai fawoyin yanzu da yawa wayoyinsu duk baƙaƙe ne, sai ka nemi fil na 16 a zanen wayar fin 24, shi ne gurbin koriyar. Kuma don Allah duk wanda ya sayi tsohuwar fawa ta Amurka mai ɗan jan makunni a baya, ya duba kafin ya jona, in tana kan 115 ka ba ta wutarmu ta 230 ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙauri, shikenan kuɗɗinka sun tafi.

Tawa ta biyun ce. Na fara da masu arha. Wayar HDMI jikin katin girafik take ba jikin modabod ba, wanga muhimmi ne don 5600 ba shi da girafik a cikinshi ko kaɗan, mai G a ƙarshe irin 5600G shi ke da shi, a Intel kuma masu F ne babu. Ramin HDMI na modabod ɗin yana nan dai amma da irin wanga furosesa ado ne kawai. Wayar furosesa mai fin 8 da ke can kusurwar sama tana ciki daram, kuma ita ce mai rabewa 4 da 4, ba ta katin girafik mai rabewa 6 da 2 ba, suna kama da juna sosai amma tsarin wutarsu ya saɓa, kar wanda ya tura ɗaya ramin ɗaya da ƙarfi.

Daga nan na kwance komai na fiddo modabod ɗin waje na aza shi bisa kwalinshi. Dalili, in akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaura modabod a kai wanda ya zauna inda babu ramin noti, shina iya taɓa bayan allon ya haɗa wuta. Furosesa da fankarshi, ram ɗaya, kati, fawa, monita, iyakar abin da na bari kenan. SSD ma na cire, ba a buƙatarshi don ganin hoton farko. Kuma lokacin hunturun ga ne, iska a bushe, kun san yadda mutum ke taɓa ƙofar mota ta ɗan ja shi, to wannan ɗan jan ya ishi lalata ram, don haka ba kan kafet na yi aikin ba kuma nakan taɓa ƙarfe kafin in ɗauki kowane abu, a gefe-gefe nike riƙe su.

Ram ɗin na sa shi rami na biyu daga furosesa, wanda anka rubuta A2, na danna har na ji ƙas, na canza da ɗan uwanshi, na hure ramukan da abin hura iska don ƙurar garin ga ba ta barin komai, na goge haƙoran zinaren da kilinar fensir a hankali. Shiru. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na bar shi waje 'yan mintuna fawa na zare daga bango don saitin BIOS, wato ƙaramar manhajar cikin allon da ke tada injin, ya koma na asali, na auna shi ma 3V ɗinshi na nan. Shiru dai.

Abin da ya taimake ni 'yan fitilu huɗu ne ƙanana a gefen allon kusa da wayar fin 24, an rubuta CPU (furosesa), DRAM (ram), VGA (kati), BOOT. Ka'ida su kama ɗaya bayan ɗaya su mutu, inda ta tsaya nan matsalar take. Tawa tana kama CPU ta kafe nan, ba ta ko isa ga ram balle kati. Kenan duk wahalar da na sha kan ram ba can abin yake ba, amma aƙalla na fidda shi daga zargi.

Nan ne shawarwari sunka fara zuwa, wani abokina mai gyaran laftof a Mabera ya ce furosesan ya ƙone in mayar, wani ya ce allon ne tunda na hannu ne. Ni dai a ganina furosesa sabo shi ne na ƙarshen abin da za a zarga, da wuya ya zo a mace. Na dai cire shi na haska da tocilan waya, don a AM4, wato irin soket ɗin da wanga furosesa ke zama a ciki, filolin jikin furosesa suke, guda 1331, ɗaya ya lanƙwashe ya isa. Na ɗauki hoto na zuƙo shi layi-layi, duk a miƙe suke. Af, in za ku cire fanka ku ɗan murza ta hagu da dama tukuna, man nan na kama furosesa ya fizgo shi daga soket.

Sai na zauna na lissafa shekaru. B450 a 2018 ya fito. Jerin Ryzen 5000 sai ƙarshen 2020, shi 5600 ɗin nan marar X ma sai 2022. Soket ɗaya ne, ya zauna daidai, amma in BIOS ɗin da ke cikin allon tsoho ne to bai san shi ba, kamar ka aika baƙo gidan da maigadi bai taɓa jin sunanshi ba, ko ya dace da gidan ƙofa ba za ta buɗe ba. Sababbin kwalaye ana manna musu takarda mai cewa sun shirya wa Ryzen 5000, nawa kwalin babu.

Sa'ar da na yi allon na da ɗan maɓalli a baya na sabunta BIOS ba tare da an kunna injin ba. Na sauko da fayil ɗin daga shafin kamfanin, kuma a kula sosai da sunan allon harafi da harafi har da lambar bugu, don akwai masu suna kusan ɗaya fayil daban. Filash ƙarami na nema na goge shi zuwa FAT32, wanda ya wuce 32GB kan ba da wahala. Sai canza wa fayil ɗin suna, kowane kamfani da nashi: MSI na son MSI.ROM, Gigabyte na son GIGABYTE.bin, ASUS kuma suna haɗo ɗan abin canza sunan a cikin fayil ɗin. Wayar fin 24 da ta fin 8 kawai na bari, filash a ramin USB ɗin da anka keɓe mishi, ba kowane rami ba.

Ban yarda na yi shi da wutar gari ba, na ɗauki kayan na kai inda ke da sola da inbata, don in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutawa allon na iya zama katako. Na danna, fitila ta shiga ƙyaftawa, wajen minti biyat tana yi sannan ta mutu da kanta. In ta ƙyafta kaɗan ta tsaya cak a kunne to bai karanta filash ɗin ba ne, a duba suna ko a canza filash. Wanda allonshi ba shi da maɓallin kuma sai aron tsohon furosesa irin Ryzen 3 2200G, ya kunna da shi ya sabunta daga cikin BIOS sannan ya mayar da sabon.

Da na mayar da komai fitila ta wuce CPU, ta ɗan jima kan DRAM, injin ya mutu ya sake tashi da kanshi, kar wannan ya tsorata kowa a kunnawar farko, sai ga tambari a monita, na danna Del na shiga.

Saura abu biyu. Ram ɗin na gudu 2133 maimakon 3200 don ban kunna XMP, saitin cikin BIOS da ke ba ram cikakken gudunshi, ba tukuna, ina son in ga ya zauna lafiya da Windows kafin in taɓa. Sai zafi, yanzu da sanyi komai daidai, amma fankar da ta zo cikin kwali ce a kai, iyakar zafin furosesan digiri 90, kuma kun san Afrilun Sakkwato da ke haura 40 a inuwa. Wanda ya taɓa wuce bazara da ƙaramar fankar ga a ɗakin da ba AC ya gaya man nawa ya gani, in san ko in fara tara kuɗɗin babba tun yanzu.