Asfirin ɗin da na raina

Wajen ƙarfe biyun dare Baba ya ce ji yake kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ciwon na sauka ta hannun hagu, amma ya kafe wai gyambon cikinsa ne ya tashi. Da ƙyar muka lallaɓa shi ya shiga mota.

A asibiti aka manna masa wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta turo takarda mai zane-zane. Likita na dubawa fuskarta ta canja. Ta miƙo ƙwaya ta ce, "Baba, a tauna wannan, kada a haɗiye ta haka." Na leƙa, asfirin ce. Wallahi raina ya ɓaci. Mutum rai a hannun Allah, a ce da maganin ciwon kai za a fara?

Sai da ƙura ta lafa, an buɗe jijiyar da ta toshe an sa mata ɗan bututu mai kama da raga, sannan na bi diddigin ƙwayar nan. Ashe gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke shayar da zuciya. Asfirin tana hana ƙananan ƙwayoyin jini mannewa da juna, sai gudan ya daina girma. Taunawar kuwa don ta shiga jini da wuri ne.

Masana daga Oxford ta Ingila sun gwada ta a wani bincike mai suna ISIS-2, sakamakonsa ya fito a 1988. Majinyata 17,187 ne da ake zaton suna da irin ciwon zuciyar Baba, a asibitoci 417, ƙuri'a ta raba su: wasu asfirin, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta. Cikin mako biyar mace-mace ya ragu da kusan kashi 23 cikin ɗari a ɓangaren masu asfirin. Da aka haɗa ta da streptokinase, allurar da ke narkar da gudan jini, ragin ya kai kashi 42.

Waɗanda ƙuri'a ta ba ƙwayar banzan nan su suka tsaya mini a rai. Dubban mutane, kowa da nasa dutsen a ƙirji, da 'ya'ya a bakin ƙofa suna jira kamar yadda na jira. Da su aka auna, har likitar nan ta miƙa wa Baba ƙwayarta ba tare da ɗar ba.

Yanzu kullum da safe sai ya sha guda. Har gobe kuma in ka tambaye shi, gyambon ciki ne.