Mako na bakwai: na raba fuloti da mai shi

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Ga inda aikin taswirar filayen unguwarmu ya tsaya wannan mako.

Fulotai arba'in da uku na zana a QGIS, manhajar zana taswira, yawancinsu ƙafa hamsin a ɗari, wato murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Da farko na yi abin da kowa ke yi: layi ɗaya ga kowane fuloti, lamba a gefe, sunan mai shi a gefe. Sai na iso gidan wani dattijo da ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, ba a raba gado ba tukuna. Sunan wa zan sa? Matan biyu suna da tumuni a tsakaninsu, ɗa namiji na da rabon 'ya'ya mata biyu, kuma shagon bakin titi yana hannun wani a jingina tun dattijon na raye. Gurbi ɗaya ba zai ɗauki wannan ba.

Na rushe tsarin gaba ɗaya. Yanzu tebur uku ne a PostGIS, rumbun adana bayanan taswira: na mutane, na filaye, da na uku mai ɗaure su, inda nake rubuta irin haƙƙin, ko mallaka ce, ko haya, ko aro, ko jingina, da kason kowa, da ranar da ya fara, da ranar da ya ƙare. Ashe tunanin da aka gina ma'aunin LADM, tsarin rubuta bayanan filaye da masu haƙƙi a kansu, a kansa ke nan, wanda hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar a 2012. Kuma ya dace da mu ƙwarai, domin tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99. Ke nan har takardar shaidar mallaka tana da ranar ƙarewa.

Abin da na fi riƙewa da muhimmanci: ba na goge tsohon mai fili idan an sayar. Ina rufe layinsa da kwanan wata, in buɗe sabo, in haɗa hoton takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu. Na ga yadda sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ke raba zumunci, kuma ranar shari'a tarihin nan ake nema.

Wani abu ya cinye mini kwana biyu. Na shigar da lambobin tsohuwar takardar safiyo, sai fulotin ya tsallaka titi ya faɗa cikin gidan maƙwabta, tazarar sama da mita ɗari. Takardar a kan ma'aunin Minna aka yi ta, wato tsarin awon ƙasa na Najeriya, ni kuwa na ɗora ta a kan WGS 84, wanda GPS ke amfani da shi. Da na sauya lambar EPSG, wadda ke nuna tsarin awon, daga 32632 (WGS 84) zuwa 26332 (Minna), fili ya koma mazauninsa. Ku riƙa duba wannan kafin ku zargi safiyo.

GPS na waya kuma don neman wuri kawai nake amfani da shi, kuskurensa na kai mita uku zuwa biyar, ba ya tsayar da iyaka.

Mako mai zuwa zan gwada raba fuloti gida biyu ba tare da lambar uwar, wato fulotin asali, ta ɓace ba. Wanda ya riga ya yi, don Allah ya gaya mini yadda ya ba 'ya'yan lamba.