Ƙuli-ƙulin Umma a Minnesota

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, amma har yanzu in na ji jiniyar motar asibiti sai gabana ya faɗi. Ban faɗa wa Umma ba. Ƙuli-ƙulinta ne ya kai wani yaro asibiti, da hannunta ta murza ta soya, ta ƙulle a leda biyu ta ba wata 'yar unguwarmu da za ta taho Amurka. Ta so ta haɗa da kilishi, aka ce mata ba a shiga da nama, sai ta ƙara yawan ƙulin.

Shekarata biyu a wata jami'a a jihar Minnesota. Da aka yi hutun bazara a watan Mayu, ɗakunan kwananmu suka koma kamar kufai, kowa ya tafi gidansu, ni kuwa kuɗin jirgin Kano ya fi ƙarfina. Bizarmu ta ɗalibai, F-1, awa 20 kawai ta yarje mana mu yi aiki a mako lokacin karatu, shi ma a cikin makaranta, sai da hutu ne mutum zai yi cikakken wuni. Jami'ar tana buɗe sansanin yara a harabarta, iyaye su kawo su ƙarfe 8 na safe su ɗauke su 5 na yamma. Na nema aka ɗauke ni, aka ba mu yara 12 ni da wani saurayi Ba'amurke, 'yan shekara shida zuwa takwas.

Da ƙarfin gwiwata na shiga, don ni ce babba a ɗakinmu, mu bakwai, tun ina aji uku na firamare nake goyo. Kwana uku aka yi ana karanta mana dokoki: kada ka keɓe da yaro, kada ka ɗora shi a cinya, kada ka daka masa tsawa, kada ka ba shi abin da ba daga gidansu ya zo da shi ba. An nanata maganar gyaɗa, an nuna mana EpiPen, allurar gaggawa ga wanda jikinsa ya ƙi wani abinci, da yadda ake caka ta a cinya ko ta saman wando ne. Na ji da kunnena, na sa hannu a takarda. Wannan ba zan musa ba.

Ranar Laraba ce. Wata yarinya tun safe take kuka, mahaifiyarta ta yi tafiya. Na lallasa, na yi waƙa, ta ƙi shiru. Ba halin in rungume ta in jijjiga. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya shiga jaka, na ɓallo mata ƙuli. Yaron da ke gefenta ya miƙo hannu, shi ma na ba shi, don ban taɓa ba yaro abu ɗan'uwansa yana kallo ba. Abin da ya gutsura bai kai farcen ɗan yatsa ba. Can sai na ga yana sosa wuya, leɓensa ya kumbura, numfashinsa yana fita da ƙara kamar usur. Abokin aikina ya ruga ya ɗauko allurar yaron ya caka masa, wani ya kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Ni ina tsaye, ƙafafuna sun ƙi ɗagawa.

Shugabarmu ta ce me ya ci, na miƙa mata ledar. Ta ce me ke ciki, na ce gyaɗa. Ni da kakana ya yi dakon buhuna a dalar gyaɗa ta Kano, a rayuwata ban taɓa ganin wanda gyaɗa ta shaƙe ba sai ran nan.

Alhamdulillahi da yamma aka sallami yaron. An dakatar da ni kwana biyu, na rubuta bayani, na sake zaman horo, kuma duk na cancanta. Da yaron nan ya mutu, a hannuna ya mutu. Amma akwai abu biyu da suka tsaya mini a maƙoshi. Matar ta zaunar da ni tana magana kalma ɗaya-ɗaya kamar ba na jin Turanci, tana tambayata ko a ƙasarmu an san jiki yana ƙin wani abinci. Sannan a gabana ta sa safar hannu, ta ɗaga ledar Umma da yatsa biyu ta jefa a kwandon shara. Na san dalilinta, amma ni abin da na gani hannun Umma ne duk mai, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno bayan ta taso daga makaranta a gajiye.

Ran nan ban koma ɗaki ba. Na shiga mota zuwa Cedar-Riverside a Minneapolis, unguwar Somaliyawa, inda ake kiran salla da lasifika. Magariba a nan da bazara sai wajen ƙarfe 9. Na zauna a sashen mata na yi kukana. Wata dattijuwa ta dafa kafaɗata tana magana da Somaliyanci, ban gane ko kalma ɗaya ba, na dai yi ta gyaɗa kai.

Ranar Litinin yaron ya dawo, ya zo da gudu ya ce mu yi 'yar gala-gala. Ni na koya musu, na zana gidajen da alli a kan siminti, suna tsalle suna ƙirga ɗaya, biyu, uku da Hausa. A duk sansanin babu rukunin da ke tsayawa layi da natsuwa kamar nawa, kuma ban taɓa ɗaga murya ba. Akwai wani mai in'ina a cikinsu, sauran ma'aikata sukan ƙarasa masa magana don sauri. Ni jira nake har ya kai ƙarshe, shi ya sa duk inda na yi yana biye da ni.

A wajen mahaifiyarsa na fara jin cewa gyaran maganar yara fanni ne guda, sai an yi digiri na biyu ake aikinsa. Tun ran nan na kasa cire shi a raina, ga shi kafin a koma karatu dole in zaɓi fannin da zan ƙare da shi. Likitanci aka turo ni. A nan sai ka gama digirin shekara huɗu, ka rubuta MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, ka sake wasu huɗun, kuma makarantun da ke ɗaukar baƙi ba su da yawa, bashin karatu na gwamnati ma ba a ba mu. Abba ya sayar da filinsa don tafiyar nan. Dakta yake kirana, har abokansa na majalisa sun ɗauka. Umma kuwa shekara 28 tana koyarwa a firamare, aji ɗaya yara sun fi ɗari, wani watan albashi sai an ga dama. Da na taɓa yi mata zancen ina son aiki da yara, cewa ta yi, “Ban shaƙi ƙurar alli don ke ma ki shaƙa ba.”

Autanmu ma yana in'ina. Shekararsa tara. A Islamiyya in aka zo karatunsa yara dariya suke yi, har ya fara cewa cikinsa na ciwo don kada ya je. A gida an ce zai daina in ya girma, ni ma haka nake cewa da.

Jiya na kira su, awa shida ne tsakaninmu, su sun idar da Isha'i. Umma ta ce, “Ƙulin ya ƙare?” Na ce, “Ya ƙare, Umma.” Ta ce za ta soya wani, akwai mai tahowa a watan Satumba. Sai auta ya ƙwace wayar. Ya daɗe yana kokawa kafin kalmar “Yaya” ta fito daga bakinsa. Ina jin ƙannena a bayansa suna cewa ya yi sauri data za ta ƙare, na ce su ƙyale shi, zan turo kuɗin wata. Labarin akuyarsa da ta haifi biyu yake son ba ni, ya kai minti biyar, na saurara har ya gama.