Gwangwanin gawayi da bawul ɗinsa: sai na gwada nake canzawa

Akwai wani baƙin akwatin roba, galibi a ƙarƙashin mota kusa da tankin mai, wanda mai mota bai san da zamansa ba sai ran da fitilar inji ta kama. Kanista muke ce masa. Gawayi ne cike a ciki. Shi ke shanye tururin fetur da ke tasowa daga tanki, ya riƙe, sai inji ya yi zafi kwamfuta ta buɗe wani ɗan bawul, wato 'yar ƙofar da ke buɗe hanya da rufe ta, inji ya zuƙe tururin ya ƙone. Tun farkon shekarun 1970 motocin Amurka ke zuwa da shi, daga 1996 kuma kwamfutar mota ta fara sa masa ido.

A garejina, lambar matsala da na'urar gwajin mota ta nuna ba ita ke yanke hukunci ba. P0455 babban yoyo ne, kuma sau da yawa murfin tanki ne kawai robarsa ta tsage. P0456 kuwa ɗan rami ne da bai wuce rabin milimita ba. Wa zai gan shi da ido? Sai mu rufe ɗaya bawul ɗin, wanda kanista ke shan iska ta cikinsa, mu tura hayaki cikin tiyo a hankali, don in aka matsa da ƙarfi wani abin za a fasa. Sannan a bi da tocila, gaɓa bayan gaɓa, har a ga inda siririn hayaki ke fita.

Bawul ɗin da ke kai tururi inji shi na fi jin daɗin gwadawa. In babu wuta, dole ya kasance a rufe ruf. Nakan cire shi, in ɗaura famfon hannu, in zuƙe iskar, in zuba wa allurar ma'aunin famfon ido. Ta tsaya cak, lafiya. Ta fara zamewa ko da kaɗan, yana yoyo. Daga nan in ba shi wutar batir, volt 12: ya ce ƙas, allura ta faɗi nan take. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba shi da famfon nan, da baki yake hurawa. Ina yaro na taɓa kawo masa wani bawul da murna, na ce yana ƙara, lafiyarsa lau. Ya hura, iska ta wuce. Ya ce, "Yaro, ƙara ka ji, rufewa ka gani?" Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabun kaya. Kwali mai kyau, bawul yana ƙara kamar na gaske, wata biyu ya maƙale a buɗe. Mota ta riƙa rawa a silo, ta ƙi tashi da zarar an sha mai. Shi ya sa ko sabo ne fil sai ya hau famfona kafin ya hau mota.

Kwanan baya wani ya kawo motarsa, famfon gidan mai na ta katsewa in ana zuba masa. Ya ce, "Oga, goge mini fitilar kawai." Na sauke kanistar na ɗora masa a hannu. Ta yi nauyi, fetur na ɗiga, ƙwayoyin gawayi sun bi tiyo har bakin bawul. Na ce, "Yallaɓai, in famfo ya tsaya kana sa a ƙara, ko?" Ya yi dariya, ya ce har sai ya ga mai a wuya. To, rarar nan kanista take gangarawa, ita kuwa don tururi aka yi ta. Ya so ya sayo kanista mai araha da kansa, na ce ba da hannuna ba. Muka busa tiyo muka fitar da gawayin, muka sa ta ainihi, yana tsaye aka sake tura hayaki.