Littafin da muke rubuta abin da ke faruwa a unguwarmu

Mu dai ba wata ƙungiya ba ce mai rijista, ba ofis ba kuɗin kowa, ƴan unguwa ɗaya ne kawai a cikin birnin Kano. Akwai malamin Islamiyya, akwai ungozoma, akwai mai gyaran waya, da ɗan adaidaita sahu, sai ni da nake riƙe littafi. Mun fara ne gab da zaɓen 2023 lokacin da ƴan daba suka addabi lunguna da daddare, kowa sai ƙorafi a majalisa amma ba mai rubuta komai, kwana biyu zance ya bi iska kamar ba a yi ba.

Tsarinmu ba wani mai wahala ba ne. Duk abin da ya faru, kamu ne ko duka ko barazana ko ƙwacen waya, a rubuta shi a ranar ba sai gobe ba. Suna, shekaru, ƙarfe nawa, wane lungu, wa ya gani da idonsa. Kowane shafi mun ja masa layi a tsakiya, ɓangare ɗaya abin da aka gani, ɗaya kuma abin da aka ce. Wallahi wannan layin shi ne rabin aikin.

Mun san amfaninsa ne ranar 1 ga Agusta 2024 da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, har gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24. Ranar WhatsApp kamar zai fashe, wannan ya turo murya an kashe goma a waje kaza, wancan ya ce ashirin ne. Wani bidiyo ya yi ta yawo wai a bayan layinmu ne, mai gyaran wayarmu ya tsayar da shi ya ƙura ido ya ce ku dubi sama, hazo ne fa, ga mutane sanye da rigunan sanyi, mu kuwa muna tsakiyar damina. Tsohon abu ne aka tono. Da samarinmu sun yarda da shi a daren nan Allah kaɗai ya san inda za a kwana.

Bayan ƙura ta ɗan lafa sai kame ya biyo baya, nan ne aikin ya yi nauyi. Wata dattijuwa ta zo ƙofar gida da sassafe ta ce, Malam, yaron nan ya fita sayen kati tun jiya bai dawo ba. Na ce Baba ya sunansa? Ta sunkuyar da kai, ɗan fari ne ba ta iya faɗa, sai ƙanwarsa ce ta faɗa min, ita ce ma ta tuna kalar rigarsa da lokacin da ya fita. Muka rubuta komai har da sunan mai shagon da ya gan shi ƙarshe.

Da wannan takardar muka bi caji ofis ɗaya bayan ɗaya tare da wani lauya da yake taimaka mana saboda Allah. Shi ya koya mana cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulki bai yarda a riƙe mutum fiye da awa 24 ba tare da an gurfanar da shi a gaban alƙali ba idan akwai kotu kusa, in babu sai 48, kuma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, beli kuwa kyauta ne. Ka ga idan ka je kana kuka kana a taimaka, daban ne da ka ajiye takarda mai suna da shekaru da lokaci, nan take yanayin maganar ke sauyawa. Yaron ya fito. Wasu ba su samu haka ba, duk mun ga yaran da aka kai Babbar Kotun Tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba bayan wata uku a tsare, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali, sai da duniya ta yi caa sannan Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar, ƴan sanda suka musanta, kuma irin wannan jayayyar ce ke sa ni ƙara riƙe littafin nan da kyau.

Abu mafi wuya shi ne siyasa. A Kano ai ko gaisawa ka yi da mutum sai an auna kalar hularka, balle da rikicin masarauta ya taso a Mayun 2024 unguwa ta rabu biyu. Sai muka ce duk wanda aka zalunta ya shiga littafi, ɗan Kwankwasiyya ne ko ɗan Gandujiyya, haka wanda ya yi zaluncin ko mai kaki ne ko ɗan sintiri ko yaron maƙocinmu. Masu shagunan da aka fasa ma mun rubuta su. An zage mu ta kowane ɓangare, amma har yanzu duka ɓangarorin suna kawo mana ƙara.

Sunan shaida kuwa ba ya shiga waya ko kaɗan, yana wani littafin daban, kuma ba ma ɗora hoton wanda aka ji wa rauni sai da yardarsa. Mai unguwa ma muna sanar da shi kafin mu kai magana gaba.

Inda muke da rauni har yanzu shi ne cikin gidaje. Matar da ɗan daba ya tsare a hanya ko yarinyar da aka ci wa zarafi ba za ta zo majalisar maza ba, ungozomarmu kaɗai ke jin waɗannan, ita ma aiki ya mata yawa. Yanzu haka muna magana da malaman Islamiyyar matan aure ko za mu samu wasu su shigo kafin a kaɗa gangar 2027.