Kwana 28 a gaban madubin likita

Damina biyu na yi ina aiki a wani bincike kan maganin zazzaɓin cizon sauro, a wani ƙaramin asibitin karkara da ƙauyukan kewaye ke kawo marasa lafiyarsu. Nawa aikin na ɗakin gwaji ne: in ɗebi ɗigon jini a yatsar yaro, in shafa a gilashi, in rina, in zauna gaban madubin likita in ƙirga ƙwayoyin cutar. Tambaya ɗaya aka ɗauke mu mu amsa, wato ko maganin nan da ake ba yaranmu, haɗin atemita da lumefantirin wanda mutane suka fi sani da Coartem, yana nan da ƙarfinsa, ko kuwa ƙwayar cutar ta fara raina shi.

Tsarin na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, kuma babu sassauci a cikinsa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya zo da zazzaɓi, an duba an ga ƙwayar falsifarum, wato nau'in ƙwayar cutar da ya fi haɗari, a jininsa, iyayensa sun amince, sai a auna nauyinsa a ba shi magani sau 6 cikin kwana 3. Daga nan sai a bi shi. Zai dawo gobe da jibi da gata, sannan rana ta 7, ta 14, ta 21, da ta 28, ana duba jikinsa da jininsa ko da ƙalau yake.

A makon farko abin ya yi mini kama da ɓata lokaci. Yaron da aka kawo shekaranjiya a galabaice, yau ga shi da ƙosai a hannu yana bin kaji a tsakar asibiti, me kuma ake nema a jininsa har wata guda? Na tambayi dattijon da ke shugabantar ɗakin gwajin, wanda ya fara duba gilashi tun kafin a haife ni, Baba muke ce masa. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ka sha kulorakwin kana yaro?" Na ce ƙwarai kuwa, har yau ban manta ɗacinsa ba, da ƙaiƙayin nan mai hana barci. Ya ce, "To shi ma haka ya riƙa saukar da zazzaɓi, har bayan ya daina warkarwa."

Sai da na koma na karanta na gane nauyin maganarsa. Kulorakwin ya yi zamani, ga araha ga aiki, babu kemis ɗin da ba shi da shi. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayar cutar tana bijire masa a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. A 1978 abin ya iso Gabashin Afirka, cikin shekarun 1980 ya game nahiyar. Kuma bijirewar ba ta zo da shela ba. Yaro zai sha, jiki ya yi sanyi, uwa ta ce alhamdu lillahi, alhali rage ƙwayoyin maganin ya yi, bai ƙarar da su ba. Bayan mako biyu ko uku su sake yawa, a ce ai wani sauron ne ya cije shi, a koma kemis a sake sayen kulorakwin. Ana haka jinin yaro yana ƙarewa, har ranar da za a sheƙo da shi asibiti yana jijjiga, tafin hannu fari fat, ana cigiyar mai ba da jini. Sai a 2005 Najeriya ta sauya manufarta zuwa magungunan da ke ɗauke da dangin atemisinin, irin Coartem ɗin nan. Kafin nan an binne yara da yawa waɗanda iyayensu suka yi duk abin da aka ce su yi.

Magajin kulorakwin daga ƙasar Sin ya fito. Wata mai bincike, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tace atemisinin a 1972 daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Yana da saurin kisa amma ba ya daɗewa a jiki, cikin 'yan sa'o'i ya fice. Shi ya sa ake haɗa shi da mai jinkirin fita irin lumefantirin, ya tsaya ya share ragowar. To atemisinin ɗin ma an fara ganin ƙwayar cutar tana yi masa taurin kai, a yammacin Kambodiya wajen 2008 da 2009, a Ruwanda a 2020, sannan Uganda da Eritiriya da Tanzaniya. Alamar farko ita ce a duba jini a rana ta 3 a tarar ƙwayoyin ba su gama bajewa ba. In kuma abokin haɗin ne ya fara gazawa, sai mako na uku ko na huɗu za a ga sun dawo. Ƙa'idar ita ce idan magani ya gaza a kan fiye da kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka bi, ƙasa ta nemi wani. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar nan a duniya, kuma daga ɗakuna irin namu alƙaluman da za a yanke wannan hukunci da su ke fitowa.

Duk wannan na san shi a ka. Bai shiga jikina ba sai ranar da na yi kuskure.

Wanda bai taɓa duba gilashi ba zai ɗauka leƙawa kawai ake yi. Bayan an rina jinin da ruwan Giemsa ya bushe, sai a ɗiga masa mai a sa a madubi. Ƙwayar cutar kamar ɗan zobe take, shuɗi-shuɗi, da jan ɗigo a gefe kamar dutsen zoben. In tana da yawa aikin da sauƙi, ka ƙirga ta ka ƙirga fararen ƙwayoyin jini 200 a gefenta, ka yi lissafi. Wahalar tana wajen cewa babu. Ƙa'idar da aka ba mu, ba ka da ikon rubuta "babu" sai ka bi gilashin ka ƙirga fararen ƙwayoyin jini 1,000 ba ka ga zobe ko ɗaya ba. Ɗan gwajin nan na nan-take mai fitar da layi biyu ba ya amfani a wannan bibiya, domin wani furotin da ƙwayar cutar ke bari yake ganowa, kuma yakan yi makonni a jini bayan ta mutu. Dole sai ido.

Ranar cikin Agusta ce, ana tsakiyar marka, baranda cike da mata da goyo tun asuba. La'asar ta yi, idanuna sun yi jawur, janareto yana ta ƙugi a bayan taga, ga gilasai jere suna jira. Na ɗauki na wani yaro da ya zo rana ta 21. Na san shi, da safe na gan shi yana tsalle a kan benci uwarsa tana yi masa tsawa. Na ƙirga kamar 400, ban ga komai ba, na ce a raina wannan ai lafiyayye ne, na rubuta "babu", na ɗauki na gaba.

Kowane gilashi mutum biyu ke dubawa, kuma ba wanda ke ganin abin da ɗan'uwansa ya rubuta sai an zo haɗawa. Da aka zo haɗawa, Baba ya kira ni. "Zo, ɗana, zauna ka leƙa nan." Na leƙa. Ga zobe biyu a fili ɗaya, ƙanana, a can gefen shafin jinin inda ban kai ba. Ya ce, "Nawa ka ƙirga?" Na gaya masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaron da ke wasa a waje ka duba. Jininsa aka ba ka." Bai ƙara ko kalma ba, kuma bai sake tayar da maganar ba har muka rabu.

Aka tura mai babur ƙauyensu tun kafin magariba. Ko da ya isa jikin yaron ya fara ɗumi, aka dawo da shi aka ba shi wani magani. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da Baba ma ya gaji irin gajiyata, da yaron nan ya shiga lissafin waɗanda suka warke, ya je gida ya kwanta ciwo da takardar da ke cewa lafiyarsa lau. Kuma irin wannan kuskuren kullum gefe ɗaya yake karkata, yana sa magani ya fi yadda yake kyau a takarda.

A ranar farko da ranar da cutar ta dawo, mukan ɗiga jinin yaro a wata takardar tacewa, ta bushe, a aika babban ɗakin gwaji a kwatanta ƙwayoyin halittar cutar, a gane ko tsohuwar ce ta farfaɗo ko sabon cizo ne. Watanni bayan haka sakamako ya dawo, na yaron nan sabon cizo ne. Na ji daɗi don maganin, amma sakamakon bai wanke ni ba, tunda lokacin da na rubuta "babu" ban san haka ba.

Abu na biyu a baranda na koye shi, wurin wata nas mai shekaru da ke kula da ba da maganin. Na safe a gabanta ake sha, ta jira rabin sa'a, in yaro ya yi amai a sake ba shi. Takan ce a haɗa da nono ko madara ko kunun gyaɗa, saboda lumefantirin sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki sosai. Na dare kuwa, a farkon aikin, uwa ake ƙulle wa ta tafi da shi. Wata safiya ta tambayi wata yarinyar uwa ko ta ba ɗanta na dare, ta ce e, tana kallon ƙasa. Ni da na zo karɓar jini har na buɗe baki zan yi faɗa. Nas ɗin ta harare ni, ta ja ta gefe ta zaunar, ta ce, "'Yata, gaya mini, ba abin da za a yi miki." Sai ga hawaye. "Wallahi Sista, yayarsa ce jikinta ya yi zafi da dare, shi kuwa ya samu sauƙi har ya sha nono. Ya zan yi in zuba mata ido?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. Mun ɗauki yaro ɗaya a takarda, ita kuwa yara uku gare ta a ɗaki ɗaya, sauro ɗaya ke cizonsu, kuma kuɗin magani sai an jira ranar kasuwa. Rabin magani shi ne ainihin abin da ke koya wa ƙwayar cuta bijirewa, na san wannan, amma faɗa ba zai canza daren nan ba, sai dai ya sa gobe ta ɓoye mana. Aka ce ta kawo yayar, aka gwada ta, aka ba ta nata cikakke, shi ma aka sake masa daga farko. An cire shi daga lissafin binciken, amma an ci gaba da duba shi kamar sauran. Daga ranar aka riƙa gaya wa kowace uwa tun farko cewa duk yaron gidan da ya yi zazzaɓi ta kawo shi, kuma aka sa masu kai ziyarar dare.

Akwai kuma yaran da ke zuwa da zazzaɓi mai zafi a duba jini a ga wayam. Iyaye ba sa son jin haka, sun saba da "maleriya da taifot" a bakin mai kemis. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, kuma na ga dalili da idona: wani ciwon kunne ne, wani limoniya, wani baƙon dauro ne ke shirin fitowa.

Jini kuwa ba abin da mutanenmu ke bayarwa haka kawai ba ne, kuma ban ga laifinsu ba. Ba a manta da gwajin maganin da wani kamfanin ƙasar waje ya yi wa yara 200 a Kano ba, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da ta biyo baya. Muna karanta wa iyaye takardar amincewa da Hausa, a gaban shaida, mu ce musu ko sun ƙi za a yi wa ɗansu magani daidai da kowa. Uwa takan ce sai ta tambayi maigida. Wani maigidan ya zo da kansa, manomi, da laka a ƙafa, ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaji ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ina kuke kai jinin nan?" Na rasa bayanin da zai gamsar da shi. Baba ya ce in ba shi kujerata. Na sa gilashin 'yarsa, na gyara masa madubin, na nuna masa inda zai sa ido. Ya daɗe yana kallo. Zobba ne birjik, ko'ina. Ya ɗago a hankali ya ce, "Ikon Allah! Wannan ɗan abin ne ke ɗauke mana yara?" Ashe ya rasa biyu kafin ita. Ya dangwala yatsa a takardar.

Bai taɓa fashin rana ɗaya ba. Rana ta 28 ta faɗo ana yankan gero, lokacin da ba manomin da ke son barin gona, amma tun ƙarfe takwas ga shi da ita a bayan keke, an yi mata kitso. Na soki yatsarta, ta ɓata fuska ba ta yi kuka ba. Na rina gilashin na jira ya bushe, na zauna na fara ƙirga, shi kuma yana tsaye a taga da hularsa a hannu. Na kai 400 na wuce, na bi gefe da gefe, har na cika 1,000. Na rubuta "babu", na kai wa Baba gilashin ba tare da takardata ba. Da ya gama nasa muka haɗa, iri ɗaya. Uban ya ce ko zai iya sake leƙawa. Na tashi na ba shi kujerar.